Ƙulli Biyu a Hannun Ƙaguwa

Duk wanda ya sauka daga jirgin ruwan safe a tsibirinmu na Analaitivu, kafin ya kai gindin giginyar farko Parimalam ta riga ta faɗi irin ƙaguwar da ya gado. Ba ruwanta da raba mutane zuwa nagari da mugaye, wannan aikin mai kula da ɗakin bauta ne. Ita ƙaguwa kawai take gani. Malamin makaranta farar ƙaguwar yashi ne, ga gudu ba nama. Mai shagon bakin matsayar jirgi ƙaguwar taɓo ne, in ya kama ba ya saki sai an karya hannun. Ɗanta Kugan kuwa, da ke zaman haya a Kolombo, ta ce shi ne 'yar ƙaguwar nan mai yawo da kwanson dodon koɗi a baya, tana taƙama da gidan da ba nata ba.

Shekarunta sittin da bakwai, kuma in an cire waɗanda ta yi a goye, sauran kusan duk a ruwa ta cinye su. Tana 'yar shekara tara uwarta ta tsoma ta a tafkin gishirin bayan gari ta koya mata laluben jatan lande. Durƙusawa ake yi har ruwa ya zo wuya, a shimfiɗa tafin hannu biyu a kan laka ana haɗo su a hankali, abin da ya motsa a danne a jefa a kwandon kaba. Da ta auri Markandu sai ta ƙara da ƙaguwar taɓo, wadda ake zaƙulowa daga rami da ƙugiyar ƙarfe. A wurinsa ta koyi cewa ƙaguwa a duhun wata take cika da nama, a farin wata kuwa kwanso ne da ruwa. A wurinsa kuma ta koyi ƙulli.

Nan wurinmu kowane gida da ƙullinsa. Da rai ake kai ƙaguwar taɓo kasuwa, hannuwanta ɗaure da kabar giginya, kuma in ɗaya ta kwance a kwandon dillali sai ta yi wa 'yan'uwanta kaca-kaca. Dole ne a san wanda za a zaga. Ƙullin gidan Markandu zagaye ɗaya ne, a cusa wutsiyar kabar ƙarƙashin hannun hagu, shi ke nan. Shekara arba'in ba a taɓa zagin Parimalam a kan ƙulli ba, ita ma ba ta bar kowa ya manta da hakan ba.

"Ni sau ɗaya nake ƙulli," in ji ta. "Mai ƙulli biyu bai yarda da hannunsa ba, gara ya koma sayar da albasa."

Sau ɗaya tak ta taɓa barin tsibirin. Lokacin yaƙi aka kwashe mu, muka yi shekara biyar a sansani a can nesa da teku. A can Markandu ya rasu. Likita ya ce ciwon ƙirji ne, ita ta ce rashin jin warin laka ne, kuma ni dai da ita na yarda. Ta dawo da tukunya ɗaya a ka da Kugan a hannu, ta rantse a bakin matsaya cewa ba za ta sake kwana a wani wuri ba sai ranar da aka ɗauke ta ƙafa a miƙe.

To, sai yanar ido ta fara rufe mata gani. Ta ɓoye abin shekara guda cur, don muryar kowa da takunsa ta sani. Abin da ya tona ta farin bunsurun ɗakin bauta ne. Wata safiya ta iske shi tsaye bakin rijiya, ta ɗauka matar mai kula da wurin ce cikin farin zanenta, ta tsaya ta gaishe shi, ta tambaye shi ya gwiwa, ta ba shi shawarar ya riƙa shafa man riɗi da ɗumi. Da bai amsa ba ta ce girman kai ba ya maganin gwiwa, ta wuce tana tsaki.

Sellachi na bayan shinge tana kallo. Sellachi maƙwabciyarta ce, shekara hamsin suna faɗa, kuma duk ranar da ɗaya ta kwanta ciwo ɗayar ce ke dafa mata shinkafa tana mita. Sai da ta gama zagaye tsibirin da labarin tas, sannan ta tuna ta kira Kugan a waya.

Ran Alhamis ya sauka da takalmi mai sheƙi da akwati babu kome ciki. Amma yake kiranta, wato uwa a harshenmu.

"Amma, ki haɗa kayanki. Akwai ɗaki, akwai likitan ido, ga jikokinki."

"Ɗakin wa? Naka ko na mai gidan?"

"Haba Amma. Bunsuru fa kika gaisar."

"Yo laifi ne? Ya fi wasu mutanen garin nan ladabi, bai kai gulma ta gidan kowa ba." Ta ɗaga murya yadda za ta haye shinge. Daga can aka ji Sellachi ta yi tari.

"In kika faɗa rami a tafki fa? Wa zai gani?"

"Tambi, yarona, ka taɓa ganin wanda ya kama jatan lande da ido? Ruwan laka ne, mai ido da makaho duk ɗaya. Hannun nan ya fi idonka gani. Ka ɗora mini ƙaguwa a tafi, in faɗa maka tsibirin da ta fito, in faɗa maka ramin."

Kowa a tsibirin ya sha jin wannan cika bakin, ba wanda ya taɓa gwada ta. Kugan kuwa ɗan uwarsa ne wajen taurin kai. Ya ce to, zai haye zuwa kasuwar birnin Jaffna ya sayo ƙaguwa uku, kowace daga wuri dabam. In hannunta ya faɗi duka daidai, zai koma shi kaɗai da akwatinsa, ba zai sake ta da maganar ba. In ya kuskure ko ɗaya, za ta bi shi. Ta tofar da jan yawun ganyen da take tauna ta ce ta yarda. A wurinmu ran Juma'a ba a taɓa mai rai da sunan ci, don haka aka sa Asabar.

Ranar Asabar da la'asar inuwar darbejiyar ƙofar gidanta ta yi wa mutane kaɗan. Har mai shagon matsaya ya rufe shago, abin da bai yi ba ranar auren 'yarsa. Malamin makaranta ya kawo shawara a ɗaure mata ido da ƙyalle don kada a yi maguɗi.

"A ɓata ƙyalle a banza?" in ji Sellachi. "Ai an riga an ɗaure daga sama."

"Ke dai ki riƙe bakinki, Akka, kada ya faɗi ƙasa yara su taka," in ji Parimalam, wadda ke kiranta Akka, wato yaya, ko ana cikin faɗa.

Kugan ya miƙa ta farko. Parimalam ta auna ta a tafi, ta shafa ƙayoyin gefenta, ta sa farce ta kankaro gaɓar ƙafa ta murza tsakanin yatsu.

"Shuɗiya ce ta buɗaɗɗen teku. Ji garin dutsen ruwa, kaushi kamar tsaki. Ta tsibirin Neduntivu ce."

Kugan ya duba 'yar takardar da ya rubuta, ya gyaɗa kai. Aka yi shewa.

Ta biyu ko juya ta ba ta yi ba sai da ta kai hanci.

"Baƙar laka da ruɓaɓɓen ganye. Ga igiyar leda, mutanen Mannar ba sa jin kunya. Mannar ce." Ta danna cikin ƙaguwar da babban yatsa. "Kuma ba ta daɗe da sake kwanso ba, ruwa ce zalla. Sun ga takalminka, tambi, suka sayar maka da ruwa."

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Kugan bai yi ba. Ya sa hannu biyu ya ciro ta uku daga ƙasan kwando, wata jibgegiya, baƙa-ƙirin, tana sheƙi. Mai sayarwar ya wanke ta tas da ruwan famfo don ta ja ido.

Parimalam ta shinshina, ba wari. Ta kankari gaɓa, ba laka ba yashi. Ta juya ta, ta sake juyawa. Ƙaguwar taɓo ce, wannan ko yaro ya sani, amma taɓo ai akwai shi daga nan har ƙarshen ƙasa. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, irin wanda rabonta da shi tun ranar da aka tura su cikin jirgin gudun hijira. Ta ga kanta a wani bene a Kolombo tana zaune kan kujera, hannuwanta a bushe kan cinya. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada, in ji masu magana. Har Sellachi ta daina taunar ganye.

Don ta ja lokaci kawai ta kai yatsu kan ɗaurin hannun. Kabar giginya ce. Ta bi zagayen, ta iske wutsiyar a cushe ƙarƙashin hannun hagu. Ta gyara zama ta tofar da yawu.

"Wannan ta bayan ɗakin bautarmu ce, ramin gindin itace na uku. Ran Laraba aka kama ta."

Kugan ya yi tsalle kamar ɗan shekara goma. "Kin faɗi, Amma! Ta can garin Battikalowa ce, mai sayarwar ya rantse mini. Ya ce irin wadda ake kai wa manyan otal ce."

"Akka, zo ki duba ƙullin nan ki faɗa wa mutane na gidan wa ne."

Sellachi ta matso, ta duba, ta sha kunu. Ana ganin yadda gaskiyar ke mata ɗaci a baki.

"Ƙullin gidan Markandu ne," ta ce. "Ni na riƙe mata kwando ran Larabar, dabbar nan ta kusa cire mini yatsa."

Ranar an yi dariyar da aka jima ba a yi irinta ba. Ƙaguwar Parimalam ta hau jirgi, ta shiga mota, ta yi wanka a Jaffna, ta canza asali, ɗan Parimalam ya saye ta ninki huɗu ya rako ta gida a kan cinyarsa. Mai shago ya ce a gaishe da ƙaguwar, ta fi shi iya kasuwanci. Parimalam ta ce aƙalla dai ita ta san hanyar gida, ba kamar wasu ba.

Da taro ya watse ta hura wuta, ta matse madarar kwakwa, ta jiƙa tsamiya, ta tsinki ganyen zogale. Ta ce Kugan ya kwance dabbar. Ya durƙusa bakin murhu, ya ja wutsiyar kabar kamar yadda ya saba tun yana yaro, ta zare, amma hannun bai buɗe ba. Ya duba da kyau. Akwai wani ƙullin a ƙarƙashi.

"Amma," ya ce a hankali, "ƙulli biyu ne."

Ba ta juyo ba. Ta ci gaba da juya miya har cokalin ya daina taɓa tukunya.

"Tun daminar bara," ta ce. "Ba na ganin ko wutsiyar ta shiga. Sai in ƙara ɗaya, kada a zage ni." Ta share hanci da gefen zane. "Kada ka faɗa wa Sellachi."

"Kin ci, Amma. Gobe zan koma ni kaɗai, magana ɗaya nake yi."

"Ba duhun nake tsoro ba, tambi. Na taɓa hawa jirgin nan an ce kwana uku. Mu uku muka tafi."

Ya sa ƙaguwar a ruwan zafi. Suka ci abinci, ta ba shi hannun dama mai tsoka, ta ce wannan ita ce ƙaguwar duhun wata, ya ji bambanci da ruwan da ya sayo. Sai da ya gama tsotse ƙafa ta ƙarshe ta tambaye shi kwana nawa likitan nasa ke ɗauka kafin ya kankare yanar ido. Ya ce mako biyu, ko uku in ta yi gardama.

"Wata ya fara haske, ƙaguwa za ta rame, ba asarar da zan yi. Amma ranar da duhun wata ya dawo ƙafata na kan matsayar nan. Ka kuskure da kwana ɗaya, in shiga teku in tako."

Ran Litinin ta bar wa Sellachi ƙugiyarta da kashedin kada ta kusanci ramin itace na uku. Sellachi ta ce za ta gaishe mata da bunsuru, sannan ta juya baya tana gyara zanen da bai kwance ba.

A bakin matsaya jirgi na ta lilo, tsakaninsa da dakali taku ɗaya. Parimalam, wadda tun rasuwar Markandu ba wanda ya ga ta dafa wani, ta tsaya tana laluben iska. Ta sami damtsen ɗanta ta damƙe, damƙar mai zaƙulo ƙaguwa daga rami, har farcenta ya shiga fata. Ta taka ta shiga, ta zauna, ba ta saki ba. Jirgi ya juya, giginyoyi suka fara ƙanƙancewa, jini ya ɗan tsatso a hannun rigarsa. Kugan bai ce ta saki ba.