Mutanen Rijiyar Kallamu a Guangzhou

Duk wanda ya yi sarin sutura a titin Guangyuan a shekarun nan ya san Barmo, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai furfura a gemu da ke ɗaure diloli a bayan manyan kantuna. Sai ya danne buhu da gwiwa, ya yi ta zagaye shi da salatif har ya yi tauri kamar dutse. 'Yan kasuwar Kano suna kiransa Baƙauye, shi kuwa bai taɓa jin haushi ba. Yakan ce ai gaskiya suka faɗa, ya kuma ƙara musu da sunan ƙauyen: Rijiyar Kallamu.

Ƙauyen yana can arewa da Gumel, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ba tudu ba kwari. Mutum na tsaye a ƙofar gida zai hango baƙonsa tun yana ɗan ɗigo a nesa, har a dama masa fura bai iso ba. Kakan Barmo, Kallamu, shi ya sari wurin. Ya zo da iyalinsa da jakunansa yana neman ƙasar gero, ya haƙa rijiya ya dace da ruwa mai daɗi, mutane suka biyo ruwan. Lokacin ƙuruciyar Barmo garin a cike yake. Akwai maƙera, akwai kasuwar Laraba, da damina kuma ana gayya, yau gonar wannan gobe ta wancan, ga ganga ga kunun tsamiya. Sai fari ya zo, ya tafi, ya sake dawowa. Da aka tashi yin kwalta aka bi da ita ta wani gari, kasuwa ta bi kwalta. Samari suka riƙa tafiya cirani, daga baya suka daina komowa.

Barmo ya daɗe bai saki fartanya ba. Sai da ya haura arba'in ya tafi Kano ya kama aiki a Kantin Kwari, wurin wani Alhaji Mas'udu. Alhajin ne ya zo da shi China don ya riƙa tsaya masa a wurin lodi. Da Barmo ya ɗan zauna da gindinsa, ya jawo ɗan baffansa, Alhasan, wanda Barmon ya girme wa nesa ba kusa ba.

Suka kama ɗaki a wata unguwa mai matsattsun lunguna, inda benaye ke kusan haɗa goshi. Mai gidan wani tsoho ne da suke kira Baba Fen. Ba ya jin Turanci, su ma Sinancinsu bai wuce na ciniki ba, amma wata rana ya fito musu da tsohon hoto: gonakin shinkafa, agwagi, da wani saurayi ba riga a bayan saniyar noma. Ya nuna saurayin ya bugi ƙirjinsa, ya nuna gonakin ya bubbuga ƙasa da ƙafa. Ashe unguwar ma ƙauye ce, birni ya cinye ta. Tun daga ranar ya bar musu rufin benen. Barmo ya tara akwatunan da masu kifi ke zubarwa, ya cika su da ƙasa, ya shuka kuɓewa da yakuwa da irin geron gida. Kuɓewa ta yi, yakuwa ta yi. Gero kuwa ya miƙe ya fi mutum tsawo, amma laimar garin ta ruɓar da zangarniyar tun kafin ta nuna. Baba Fen ya murza ɗaya a tafin hannu, ya ce, "Meyo," wato babu.

Aka shiga shekarar wasannin Olamfik. A Beijing za a yi su, tafiya ce mai nisa daga Guangzhou, amma zafinsu ya iso har lungunsu. Sabunta biza ya zama abu mai wuya, ana tare baƙi a tashar jirgin ƙasa da bakin otal ana duba fasfo. Masu zuwa sari suka ragu. Bizar Barmo tana da saura, ta Alhasan ta ƙare, aka nemi ƙari ba a samu ba. Alhasan ya daina fita. Daga ɗaki sai rufi, yana ba shuka ruwa.

A nan zazzaɓi ya kama shi, da tari mai fitowa daga can cikin ƙirji.

"Tashi mu je asibiti," in ji Barmo.

"Yaya, in na je, daga gadon asibiti sai hannun 'yan sanda. Bari dai in ga gobe."

Gobe ta yi ta zuwa tana wucewa. Barmo yakan fita aiki, ya dawo da magani da lemo, ya tarar da shi yadda ya bar shi ko ma ya fi. Wata safiya Baba Fen ya leƙo, ya ga yadda Alhasan ke fizgar numfashi. Ya yi ta faɗa da harshensu, ya sauka da kansa ya tsayar da tasi. Likitoci suka karɓe shi, ba wanda ya fara da zancen fasfo. Sai dai an makara. Bai daɗe a can ba ya cika.

Ran Juma'a, bayan an idar da salla a Masallacin Huaisheng, Barmo ya tsaya a harabar ya sanar. Kanawa da 'yan Nijar da 'yan Gana suka kewaye shi. Wani ɗalibi mai jin Sinanci ya ɗauki nauyin bin takardu, wasu suka kawo likkafani. An sha zirga-zirga kafin a ba su gawar. Aka binne shi a maƙabartar Musulmi da ke wajen gari, a gefen tudu mai jar ƙasa.

Saura a gaya wa Baffa Salihu, mahaifin Alhasan, wanda shi ne maigari. Waya ba ta kamawa a ƙauyen sai an fita bayan gari, don haka Barmo ya aika a ce masa ya je can ya jira, sannan ya kira shi.

"Baffa, sai haƙuri. Alhasan lokaci ya yi."

Tsohon ya yi salati, ya ce, "An yi masa sutura yadda ya kamata?"

"An yi, Baffa. Jama'a sun taru."

"An juya shi gabas?"

"A nan yamma ce alƙibla."

"To," in ji Baffa. "Tun daga Kallamu babu namu da aka rufe a wata ƙasa. Shi ke nan, haka Allah Ya so. Gonarsa ta yi ciyawa. Na sa a yi gayya, amma duk mu ne tsofaffi. Kai fa, yaushe?"

Barmo ya yi masa sallama, ya kashe wayar.

Ya koma bakin aiki. Kowane kanti da talabijin a kunne, 'yan matan shago na ihu duk sanda ƙasarsu ta ci zinariya, shi kuwa yana durƙushe a kan buhu. Bayansa ya fara ciwo irin wanda barci ba ya warkarwa. In ya koma ɗaki sai ya ga takalman Alhasan a bakin ƙofa, ya rasa ƙarfin kawar da su. Alhaji Mas'udu ya bugo ya ce ya daure, in wasanni suka wuce komai zai lafa. Barmo ya ce to. Amma da tasa bizar ta zo ƙarewa bai ko je layin neman ƙari ba.

Ya haɗa kayansa da na Alhasan a dila ɗaya, ya ɗaure da hannunsa. Baba Fen ya raka shi har bakin titi yana ta magana, Barmo yana gyaɗa kai, bai gane ko kalma ɗaya ba.

Ya isa gida ana girbi. Washegari ya karɓi aron lauje ya bi tsofaffin zuwa gonar Alhasan. Kafin azahar tafin hannunsa ya yi bororo, dole ya zauna a gindin wata aduwa yana kallon Baffa Salihu, mai shekara kusan tamanin, yana ci gaba da yanka. Matar Alhasan ta aiko da fura a ƙwarya, ya sha, ya miƙe ya koma cikin kunyoyin gonar.