Malam Tanko da Kifin da Ya Rage Yatsa Ɗaya

Duk wanda ya taɓa rungumar Malam Tanko ranar Sallah ya san ba a yi masa rungumar gaggawa. Sai ka tsaya ka tambaye shi wane aljihu ne yau, ya nuna maka, sannan ka bi ta ɗaya gefen. Ƙugiya ce a aljihun, kullum. Injiniya Bashir bai tambaya ba ranar sunan jikarsa a Birmingham, kun kuma ga yadda aka ƙare: dattawa biyu maƙale da juna ta babbar riga, ana neman almakashi, Malam Tanko yana roƙon a yanka rigar a bar masa ƙugiyarsa lafiya.

Ga waɗanda suka san shi daga nesa, bari in faɗi abin da ke aljihun. Koton ƙarya ne na kamun kifi. Kansa na dalma ne kamar ƙwallon dabino, da geza ta roba da ta rufe ƙugiya, sai ɗan faifan ƙarfe a gaba, faɗin farcen babban yatsa. In ka jefa a ruwa kana naɗo zare, faifan nan sai ya riƙa kaɗawa, abin duka yana rawar ɗari, babban kifi ya ɗauka wani ƙarami ne ya rikice, ya kai masa cafka. Turawa na da sunan da suke kiran abin, bakina dai bai taɓa iya shi ba. Malam Tanko 'yar karkarwa yake ce mata, mu ma muka bi.

Ni ne Isa na unguwar Moss Side a Manchester, wanda ya bar makaranta a aji uku bisa shawarar malaman da kansu, don haka a yi haƙuri da rubutun. Ni da Tanko flat ɗaya muka zauna a Ardwick farkon zuwanmu ƙasar nan, kafin ya sami aikin tura gadajen marasa lafiya a babban asibitin Edgbaston da ke Birmingham ya koma can da iyali. Ni na tsaya a tuƙin tasi. Motar nan ce ta jawo mini duk abin da zan ba ku labari, don Tanko bai taɓa koyon tuƙi ba, ya ce tunda Allah ya ba shi Bakano mai mota, koyon ɓarna ce.

Shi mutumin Yawuri ne, ɗan masunci, jikan masunci. Ya sha gaya mini babansa har ya bar duniya bai taɓa sa kifin kasuwa a bakinsa ba. Shi kuwa ga shi a Ingila yana sayen kifi daskararre a leda. Abin bai dame shi sosai ba sai ranar da 'yarsa Bilkisu, tana firamare a lokacin, ta dawo da zane daga makaranta. An ce kowa ya zana inda abinci ke fitowa. A wajen madara ta zana saniya, a wajen ƙwai ta zana kaza, a wajen kifi ta zana firij. Hajiya Asabe, matarsa, ta yi ta dariya. Shi bai yi ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya kira ni a waya ya ce kafin ya mutu sai gidansa ya ci kifin hannunsa, ko sau ɗaya ne.

Fitarmu ta farko kanal muka je, irin hanyar ruwan nan da aka haƙa, nan cikin Manchester. Ya yanki lasin, ya sayi sandar fatsa, ya kuma taho da tukunya da ɗan risho da albasa da attarugu, don a Yawuri ba a zuwa bakin ruwa ba shiri. Allah ya taimake shi ya kama wani ɗan kifi mai zane-zane, tsawon tafin hannu. Ina cikin yanka albasa sai ga wani dattijon Bature da ke su a kusa da mu ya taso a hankali, ya dubi tukunya, ya dubi kifi, ya yi mana bayani cikin ladabi cewa a wannan ruwan ba a tafiya da kifi gida. Ana kamawa, a ɗauki hoto, a mayar.

Tanko ya juyo gare ni. "Isa, ko Turancina ne ya gaza? Wato a kama shi, a gaisa, a sallame shi?"

Na ce haka ni ma na ji. Na kuma ba shi shawara da Hausa cewa ya bari dattijon ya juya baya, aljihuna babba ne. Ya ce ya riga ya sa hannu a lasin, hannun kuwa nasa ne. Ya mayar da kifin. Ranar farfesun albasa muka sha.

Dattijon nan ne ya gaya masa in kifin kaiwa gida yake so, ya nufi bakin teku ya nemi wanda suke kira bass, amma shi ma sai ya kai tsawon da doka ta yanka. Tanko ya sa aka rubuta masa tsawon, ya koma gida ya sare sandar tsintsiyar Hajiya daidai wurin. Sandar nan ta fi wasunku yawo a motata.

Daga nan aka shiga tara 'yan karkarwa. Mai shagon kayan su ya gaya masa gaskiya, cewa wannan koton don kifin tafkunan Amurka aka ƙera shi, masu zuwa teku a nan wasu daban suka fi amfani da su. Tanko ya ce yunwa ba ta san Amurka ba, a ba shi shida. Da haka da haka akwati ya cika.

To, zaɓen ne masifar. Mu isa bakin ruwa, ya shimfiɗa tawul, ya jera su layi-layi kamar mai shirin ɗaurin aure. Sai ya ɗebo ruwan a kofi ya ɗaga sama. In ruwan garau ne, fara za a sa. In ya yi duhu kamar kunun kanwa, sai baƙa, don a cewarsa a duhu inuwa kifi ke gani. In akwai rana, mai farin faifai. In hadari ya rufe, mai faifai ruwan zinariya. Wuri mai zurfi, mai nauyi, wuri mai ciyawa, marar nauyi, don kada ta nutse ta sarƙe. Yana gama wannan lissafi sai girgije ya gitta, a koma farko. In ya rage biyu a hannunsa sai ya tambaye ni wacce na gani. In nuna ɗaya. Sai ya ɗaura ɗayar. Shekara da shekaru haka, bai taɓa kuskure ya ɗauki tawa ba. Ya ce ni ne ma'auninsa mafi aminci.

Zuwanmu teku na farko, can gaɓar Wales, mun isa da hantsi ruwa na dukan duwatsu a ƙafafunmu. Tanko ya juya wa ruwan baya saboda iska, ya buɗe akwati. Ni na zauna a mota da shayi. Sai da ya gama zaɓe tsaf, ya ɗaura, ya yi bismillah, ya juyo zai jefa. Babu ruwa. Yashi ne shimfiɗe har inda ido ya tsaya, wata mata na yawo da karenta a inda muka bar teku.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya tako wurin mota ya ce, "Isa, ruwan ya tafi."

Na ce na gan shi yana tafiya, ban dai so in katse masa tunani ba. Ya ce a Yawuri in kogi zai janye sai ya yi wata da watanni yana sallama, wannan wane irin ruwa ne marar tarbiyya. Daga ranar ya koyi duba jadawalin shigowar ruwa da fitarsa, ya liƙa shi a bango kusa da na lokutan sallah. Saurin zaɓe dai bai koya ba.

A cikin akwatin akwai ɗaya da ba ya jerawa da sauran. Fara ce mai faifai ruwan zinariya, naɗe a hankici. Amarya yake kiranta. Ruwan da ta taɓa shiga kaɗai shi ne na bahon wankansu, inda yake gwada rawarta in Hajiya ta fita. Duk sanda na ce ya jefa ta sai ya ce duwatsun nan cin koto suke yi, ba zai kai ta ga halaka ba.

Na taɓa gajiya na tambaye shi, wai mu su muka zo ko kallon akwati. Ya ce a asibiti tun safe har yamma wani ne ke gaya masa ina zai tura gado, kuma da gudu. Nan ne kaɗai wurin da ba mai cewa ya yi sauri. Sannan ya ce muddin bai jefa ba, duk kifin da ke tekun nan nasa ne. Ni da ban yi karatu ba sai na ƙara shayi. Ƙananan bass kam ya kama su da dama a shekarun nan, kowanne ya gwada shi da sanda ya mayar. Bilkisu ta girma, ta gama jami'a, ta zama akanta. Akwatin babanta a wurinta abin tsokana ne kawai, irin wanda ake ba ƙawaye labari.

Bara likitan unguwarsu ya tura shi gwaji, gwaji ya tura shi asibitin da ya yi wa aiki. Yaran da ya koya wa aiki su suka riƙa tura shi a gado, yana kwance yana yi musu faɗan yadda suke shan kwana. Da aka sallamo shi ya kira ni ya ce ranar Talata ruwa zai cika da hantsi. Na ce likita ya yarda? Ya ce bai ga sunan likita a jadawalin ba.

Na ɗauko shi a Birmingham bayan asuba. Da muka isa na shimfiɗa masa tawul, na gyara zama don jiran da na saba. Bai ɗebi ruwa a kofi ba. Bai kalli sama ba. Bai tambaye ni komai ba. Ya sa hannu ya kwance hankici ya ɗaura Amarya. A nan na gane abin da likitoci suka gaya masa, ba sai ya faɗa ba.

A jifa na huɗu sandar fatsar ta lanƙwashe. Ƙarfinsa ya ragu, don haka na riƙe shi ta ƙugu yana naɗowa yana haki, har kifin ya iso kan duwatsu, fari fat yana sheƙi, mafi girman wanda ya taɓa kamawa. Na kusa yin rawa. Ya ce in miƙo sandar tsintsiya. Ya kwantar da kifin, baki daidai kan sandar, ya shafa wutsiyar ta miƙe. Saura faɗin yatsa ɗaya.

Na ce ya bari in ja wutsiyar kaɗan, ni jikan masu auna yadi ne a Kantin Kwari. Ya girgiza kai. Na ce to sandar ma ta tsufa, wataƙila ta ƙara tsawo da danshi, ga wuƙa a mota. Na nuna masa gaɓar, ba kowa sai tsuntsaye.

"Isa," ya ce, "na riga na yi masa ƙarya ɗaya da ƙarfe. Ta biyu ta yi yawa."

Ya cire ƙugiyar a hankali. Na taimake shi ya durƙusa, ya riƙe kifin cikin ruwa da hannu biyu har ya farfaɗo ya fizge. Bai sake jefawa ba.

A hanyar dawowa barci ya ɗauke shi. Ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya, sai na ratsa kasuwar kifi ta Birmingham na sayi bass mafi girma a kan tebur, na kai wa Hajiya Asabe na ce ga kifin maigida. Ta dubi kifin, ta zaro ɗan ƙanƙara daga bakinsa, ta dube ni. Ta ɗora tukunya.

Bilkisu ta biyo daga wurin aiki ta tarar ina ba da labarin yadda aka yi kokawa da kifin, ina ƙara gishiri. Aka kawo farfesu. Tanko ya kai cokali ɗaya baki, ya ajiye.

"Bilkisu, wannan kifin kawunki ne, da katin banki ya kama shi. Nawa yana teku yana girma. Yatsa ɗaya ya rage."

Na so ƙasa ta buɗe. Sai Bilkisu ta ajiye wayarta, ta matso kusa da shi, ta ce da Hausarta mai ƙamshin Birmingham, "Baba, da wacce ka kama shi?"

Ya ce a ɗauko akwati. Ya shimfiɗa tawul a kan kafet, ya fara mata bayanin fara da baƙa, mai nauyi da marar nauyi, daga nan aka gangara Yawuri, aka shiga kwalekwalen babansa, aka jefa taru, aka fito da giwan ruwa da sai mutum biyu suka ɗauka. Ita tana tambaya, shi yana amsawa, abin da ba su taɓa yi ba tun tana ƙarama. Farfesu ya huce a gabansu. Ni na shanye shi, tunda dai an ce nawa ne.

Makonni kaɗan bayan nan muka kai shi makwancinsa. Gidansa bai ci kifin hannunsa ba. Na daɗe ina jin ciwon wannan, har ranar da Bilkisu ta kira ni ta ce, Kawu, ranar Asabar ruwa zai cika da hantsi. Ta zo da akwatin da sandar tsintsiya. Ta shimfiɗa tawul, ta ɗebi ruwa a kofi ta ɗaga sama. Can da biyu suka rage a hannunta ta tambaye ni wacce na gani. Na nuna ɗaya. Ta ɗaura ɗayar. Na juya na kalli teku don kada ta ga fuskata, na ga ruwan ya fara janyewa, ban kuwa gaya mata ba.

Allah ya jiƙan Malam Tanko, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari. Ya Ubangiji, bawanka ne da bai taɓa rage sanda ba ko da ba mai ganinsa. Ranar da za a auna nasa aikin, in ya rage yatsa ɗaya, ka cika masa da rahamarka. Amin.