Rigar Baba a Kasuwar Kibiya

Ƙanena ya kwashe kayan Baba kaf ya rabar, bai ko tambaye ni ba. Ina gona ya ɓalle kwaɗon ɗakin.

Ban sani ba sai ranar kasuwar Kibiya, da na hango rigar Baba a jikin wani bawan Allah, farar nan mai ɗinkin baƙin zare a kafaɗa. Wallahi saura kaɗan in kira shi.

Ni na zura wa Baba zaren nan. Muna zaure bayan la'asar, ya miƙo min allura ya ce, "Zura min, idon ya ƙi." Na ce, "Baba, baƙin zare a farar riga?" Ya ce, "Wa zai duba kafaɗar tsoho?" Haka yake, ba ya yar da komai. Rigar ƙanshin goro da hayaƙin kara take yi, bayan rasuwarsa shi nake shiga ɗakinsa in shaƙa.

Na sani, shekara uku na kulle ɗakin, har gara ta fara cin tabarma, ga mutane ba su da na sawa. Ban ce sadaka laifi ba ce.

Na sami ƙanen nawa a ƙofar gidansa a Rano. Ya ce, "Yaya, lada na nema masa."

Na ce, "Allah Ya kai masa, Ya haskaka kabarinsa. Amma lokacin da yake jinya ina wanke rigunan nan, kai kana Kano. Ko hula ɗaya ba ka bar min ba."