Sauka a Ƙofar Yaya

A shekarun da aka fara aiki da shari'ar Musulunci ne aka tashe mu daga gindin dalbejiyar da muke buga karta ran Asabar. Mu bakwai ne, duk furfura ta fara leƙo mu: malaman firamare biyar, da tela, da wani dattijo mai faci. Da zaman banza ya ishe mu, mai facin ya ce tunda kowa na da keke, mu riƙa zaga unguwannin Daura. Shi muka naɗa jagora, don ko taya ta sace, maganin na hannunsa.

Doka ɗaya ya kafa: ba a wuce dattijo a ƙofar gidansa ana bisa keke. Sai a sauka, a tura, a gaishe shi. A garin nan kuwa, sai turin ya fi tuƙin yawa. Tela ya ce da mun sani mun bar kekunan a gida mun huta da kaya.

Ni ma ina da tawa dokar da ban taɓa furtawa ba: ba na bin lungun gidanmu. Bayan rasuwar Baba, yayana ya sare tsamiyar tsakar gida ya gina wa 'ya'yansa ɗaki, bai shawarce ni ba. A gindinta Baba yake karatu, kuma ita nake kewayawa lokacin da Yaya ke koya mini keke yana riƙe da sirdi. Ina da zuciya, ba na musu. A gaban mutane na ce masa ya binne Baba sau biyu, na fice daga gidan. Shekara huɗu ko sallama ba ta haɗa mu ba. Duk Juma'ar da liman ya taɓo zancen gaba sai in sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Ina kewarsa ƙwarai, girman kai ne ya riƙe ni.

Ran nan daga rijiyar Kusugu muka tashi da hantsi. Muka bi ta wajen maƙera, inda tela ya tsaya gardamar wasa almakashi har muka gaji muka bar shi ya biyo mu. Muka ratsa lungunan da ban shiga ba tun ina yaro, wasu gidajen ƙasa sun koma bulo, wasu sun zube awaki na kwance a ciki. Muka yi azahar a wani ƙaramin masallaci, muka sha fura a rumfa, aka yi ta yi wa shugaban makarantarmu tsiya don kekensa ya fi shi tari.

Bayan la'asar sai jagora ya karya kan kekensa dama. Ina tsakiya, uku a gabana, uku a bayana, lungun kuma ba ya juyuwa.

Na ce, "Jagora, ba nan ce hanya ba."

Bai ko waiwayo ba ya ce, "Hanya ce mana, Malam. Har da mutane a cikinta."

Can na hango Yaya a ƙofar gida bisa buzu. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Na gabana suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Ƙafata na kan feda, zuciyata na cewa in taka in wuce. Na san in na wuce shi a bisa keke, a gaban mutane shida, to na yanke abin da ba zai ɗinku ba. Ban san lokacin da ƙafar ta taɓa ƙasa ba.

Abokaina suka gaishe shi, suka tura kekunansu can gaba, suka tsaya wai suna duba sarƙa. Na durƙusa ina riƙe da keke da hannu ɗaya.

"Yaya, ina wuni."

"Lafiya lau." Bai kalli fuskata ba. Ya miƙa hannu ya danna tayar gaba da babban yatsa. "Har yau ba ka duba iska kafin ka fita."

Na buɗe baki zan ba shi haƙuri ke nan, sai ya yunƙura ya tashi da ƙyar, ya ce bari ya ɗauko famfo. Na ja keken zan jingina shi gefen ƙofa, sai ya tare ni da hannu.

"Ba nan ba. Za ka karya ta."

Sai a lokacin na lura. Wata 'yar tsamiya ce da ba ta wuce kafaɗata ba, an kewaye ta da tubali da ƙaya, gindinta a jiƙe da ruwan alwala.

Na ce, "Yaushe ka dasa?"

Ya ce, "Washegarin ranar da ka fita. Kullum nan nake zama, ko za ka biyo ka gan ta."