Lavanga Ba Wanki Ba Ne

Ku gyara zama, ku cire hula! Ga Egidio Laurita, sarkin kwalbatocin Basilicata ta kudancin Italiya, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana yashe magudanun titi, shaihin da bai gama aji uku ba. Ni na kai biyar, amma ba wannan ya tara mu ba.

Iliminsa kaf kalma ɗaya ce: Lavanga, sunan gangaren bayan coci. Kowa a garinmu zai ce maka daga lavare aka samo shi, wato wanki, wai can mata suke wanke zannuwa a zamanin da. Egidio ya ce ƙarya ne. A bakin tsofaffi, lavanga ƙasa ce mai tafiya. Kakansa ya dasa zaitun a sama, ya je tsinka a ƙasa.

Ana ta yi masa dariya, har surukinsa Canio ya gina gida a kan gangaren, ya tare da Rocchina, 'yar Egidio tilo, da jaririyarsu.

"Baba, siminti ne fa, ba taliya ba," in ji Canio.

Egidio ya riga ya hango tsaga a bangon kicin, siririya kamar gashi. Ya yanko gilashi tsawon yatsa, ya manna shi a gicciye kan tsagar. In bango ya motsa, gilashi zai faɗa. Kullum da safe yakan hau, wai kofi ya zo sha, idonsa na bango.

A Nuwamba ruwa ya kwana tara yana zuba. Gilashi ya tsage. Canio ya ce sanyi ne. Egidio ya manna wani, bai kai kwana huɗu ba. Ƙofar kicin ta daina rufuwa. Gilashi na uku ranar Lahadi ya tafi, suna tsakiyar cin abinci. Ƙas!

Egidio ya ajiye cokali, ya sunkuci jaririya cikin kwat ɗinsa, ya gangara. Rocchina ta biyo shi da silifas.

"Baba, ka haukace ne? Ba ni 'yata!"

"Zo ki karɓa a gidana."

Can suke har yau. Canio kuwa yana sama shi kaɗai, yana feƙe bakin ƙofa duk sati don ta rufu.

Jiya na tarar da tsohon a dandali, ya zuba wa gangaren ido, hadari na haɗuwa.

"Kawu Egidio, gida dai na tsaye. In ashe wankin ne fa?"

Ko waiwayowa bai yi ba.

"Kai kayanka can ka wanke."