Dubu Goma da Ɗaya

A gonakin riɗi na yankin Simsim, tarakta ce ke yin huɗa, amma yanka sai da lauje. Ana ɗaure riɗin dami-dami, a jingine ɗari huɗu wuri guda, shi ake kira hilla. Mahaifina ne ke ƙirga wa ma'aikata. Bai taɓa shiga aji ba, amma ya raba lambobi gida biyu: masu zumunci, irin sittin, da ke rabuwa ga kowa, da marowata, irin sha uku, waɗanda ko ta yaya ka raba sai wani abu ya yi saura.

Wata shekara aka tashi da hilla ashirin da biyar cif, da dami ɗaya da ya rasa abokai. Dubu goma da ɗaya ke nan. Lambar ta shiga ransa. Da ya dawo gida Gadarif, ya ƙirga ƙwayar dawa daidai adadin, ya zuba a gwangwani. Kullum bayan la'asar sai ya baza su a tabarma, yana kasa su kashi-kashi. Yau biyu, gobe uku, jibi huɗu. Kullum da saura. Mahaifiyata har ta gaji da kore masa kaji.

Ni kuwa a lokacin na fara koyarwa a Doka, ina ji da kaina, ga alƙalami biyu a aljihu. Na zo hutu na tarar da shi a durƙushe.

"Ya Ustaz, zo ka gani," in ji shi. "Na kai saba'in da biyu, 'yar nema ta ƙi. Marowaciya ce, ko kuwa da sauran magana?"

Kunya ta kama ni, don ga abokaina a bakin ƙofa suna kallon dattijo yana wasa da hatsi. Ko takarda ban ɗauka ba. Na ce, "Baba, wannan ai adad awwali ce, ba ta rabuwa. 'Yan aji biyar ma sun sani. Khalas, ka huta."

Ya dube ni, ya ce, "To, tunda kai ka faɗa." Ya tattara dawar, ya watsa wa kaji. Ban sake ganin ya kasa komai a tabarmar nan ba.

Shekara shida bayan rasuwarsa, ina neman misalin da zan ba ɗalibai, sai lambar ta faɗo mini. Na ce bari dai in gwada kafin in rubuta a allo. Na bi ta a hankali, na wuce inda ya tsaya. Saba'in da uku ta shiga sau ɗari da talatin da bakwai, babu saura ko ɗaya.

Na zauna a kujerata, na kasa shiga aji. Har yau abin yana ci mini rai. Kusan wata biyu da rabi ya yi yana bin lambar nan, kuma la'asar ɗaya ce ta rage masa ranar da na buɗe bakina.