Ranar da Kofin Karkanda Ya Yi Kumfa

Maigidana kuku ne a gidan wani Bature a Birnin Kebbi. Shekarar da aka sami 'yancin kai Baturen ya tattara zai koma gida, sai ya yi masa kyautar wani kofi. Ya ce a ƙasar Sin aka sassaƙa shi da ƙahon karkanda tun zamanin kakanni. Launinsa kamar zuma, bakinsa da faɗi, gindinsa tsukakke. Mariƙinsa wasu dabbobi ne masu kama da ƙadangaru suna leƙen ciki, zanen jikinsa kuwa wai an kwaiko shi ne daga tukwanen tagulla na mutanen da. Da Baturen ya tsaya nan da an zauna lafiya, amma sai ya ƙara da cewa sarakunan Sin sun yarda in aka zuba abin sha mai guba a ciki, kumfa yake yi.

Muka koma Argungu gidan surukata. Tun daga nan maigida ba ya shan komai sai ya fara zubawa a kofin ya zuba masa ido. Furar maƙwabta, nonon Fulani, har kunun da na dama da hannuna. Wannan na ƙarshen ne ya ɓata mini rai, ina amarya ta wata bakwai.

Wata safiya na daka kanwa lukwi na shafe gindin kofin ta ciki da ita, sannan na dama kunun tsamiya. Ya kurɓi ludayi biyu kafin ya tuna da gwajinsa. Yana zubawa kofin ya hau tsiyayar kumfa har kan ƙadangarun.

Ban taɓa ganin mutum ya kwanta da sauri haka ba. Ya miƙe a tabarma ya ce cikinsa ya fara juyawa, ya yafe wa kowa, ya ce a ba ƙanensa kekensa. Ni kuwa na tusa gefen zane a baki, kafaɗuna na rawa, shi yana zaton kuka nake.

Surukata Inna ta fito, ta ɗauki kofin ta shinshina, ta lasa, ta dube ni.

"Mi kinka sa cikin kofin ga?"

"Kanwa ce, Inna," na ce.

Ta shanye kunun tas, ta ce da ɗanta ya tashi, abokansa sun daɗe da fita su a gulbi.

Kwana biyu bai yi mini magana ba. A na uku ya ce in bar zancen tsakaninmu, amma ya makara, don Inna ta riga ta kai labarin gidan suna. Kofin kuwa ita ta karɓe, ta riƙa ajiye goronta a ciki har ta rasu.